Malamin Lissafin Da Ya Riƙe Kurkukun S-21

A cikin birnin Phnom Penh na ƙasar Kambodiya akwai wasu benaye huɗu masu hawa uku-uku, da fili a tsakiyarsu. Duk wanda ya yi sakandaren gwamnati zai gane su tun daga bakin ƙofa: doguwar baranda, azuzuwa a jere, ƙarafan motsa jiki a gefen fili. Makaranta ce kuwa, har zuwa 1975. Da 'yan Khmer Rouge, mayaƙa masu aƙidar gurguzu, suka karɓi ƙasar, sai suka kewaye ta da waya mai ƙaya, suka yanyanka azuzuwan da bulo zuwa ƙananan ɗakunan tsare mutane, suka sa mata suna S-21. Katakon da ɗalibai ke ɗaura igiya suna hawa, a nan aka riƙa rataye mutane kai a ƙasa. Kotun da ta binciki lamarin daga baya ta tabbatar da cewa mutum fiye da 12,000 sun shiga wannan gida, kuma waɗanda suka fito da rai ba su taka kara sun karya ba. Yau wurin gidan tarihi ne mai suna Tuol Sleng.

Mutumin da ya shugabanci gidan sunansa Kaing Guek Eav, an fi saninsa da Duch. Malamin lissafi ne. Tsofaffin ɗalibansa sun shaide shi da ƙwazo da tsare gida a kan aiki, kuma da wannan ƙwazon ya tafiyar da kurkukun: kowane fursuna sai an ɗauki hotonsa, an rubuta tarihinsa, an gana masa azaba har ya rubuta takardar amsa laifin cewa shi ɗan leƙen asirin Amurka ne ko Rasha ko Biyetnam, sannan Duch ya bi takardar da biro yana gyara kamar mai makin jarrabawa. Ba shi kaɗai ne malami a cikinsu ba. Pol Pot kansa, jagoran Khmer Rouge, bayan ya dawo daga karatu a Faransa, ya koyar a wata makaranta mai zaman kanta a Phnom Penh. Ieng Sary da Son Sen, manyan muƙarrabansa, duk sun riƙe alli. Khieu Samphan kuwa digirin digirgir ya yi a fannin tattalin arziki a birnin Faris.

Wannan shi ya sa nake ganin batun yadda ake koyar da tarihin mulkin kama-karya ya fi ƙarfin a ce “a tuna, kada a manta”. Kambodiya ta gwada tunawa iri-iri a cikin shekara arba'in da 'yan kai, kuma yawancinsu gwamnati ce ta tsara su daidai da buƙatarta ta lokacin. Ra'ayina shi ne tunawar da za ta amfani yaro ita ce wadda ke nuna masa yadda aka yi abin, mataki-mataki, da irin mutanen da suka yi shi. Idan aka ce masa wasu dodanni ne suka sauko suka yi ɓarna sannan jarumai suka kore su, an ba shi tatsuniya, kuma zai fita daga aji da tabbacin cewa shi da malaminsa da maƙwabcinsa ba za su taɓa aikata irin wannan ba.

Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a gurguje. Ranar 17 ga Afrilu 1975 mayaƙan Khmer Rouge, masu aƙidar gurguzu, suka shiga Phnom Penh bayan shekara biyar ana yaƙin basasa. A ranar suka fara korar mutanen birnin, kusan miliyan biyu, zuwa ƙauyuka, har da marasa lafiyan da ke kwance a asibiti. An ce musu jiragen Amurka za su yi ruwan bama-bamai, kuma kwana kaɗan za su dawo. An soke kuɗi, an rufe kasuwanni da makarantu da wuraren ibada, an hana mutum dafa abinci a gidansa. An raba jama'a gida biyu: “tsofaffin mutane”, wato manoman da suka zauna ƙarƙashin mayaƙan tun lokacin yaƙi, da “sababbin mutane”, wato 'yan birni, waɗanda ake musu kallon abokan gaba. An ɗora wa kowane yanki noma tan uku na shinkafa a kowace hekta, aka riƙa kwashe amfanin gona ana barin masu noman da kunun shinkafa tsararo. Masu mulkin ba su bayyana kansu ba da farko, sai dai a ce Angkar, wato Ƙungiya, ta ce a yi kaza. Ana gaya wa mutane Angkar tana da idanu kamar abarba. Ana kuma gaya wa wanda ya gaza aiki cewa barinsa ba riba ba ce, rasa shi ba asara ba ce. Kafin sojojin Biyetnam su kore su ranar 7 ga Janairu 1979, tsakanin mutum miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 sun mutu ta hanyar kisa da yunwa da cuta da aikin tilas, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan takwas ba.

Mai karatu Musulmi zai so ya san abin da ya sami 'yan ƙabilar Cham, Musulmin Kambodiya. An rusa masallatai, an ƙona Alƙur'anai, an tilasta musu cin naman alade, an hana su magana da harshensu, an kashe malamansu, an wargaza ƙauyukansu. Da mutanen Koh Phal da Svay Khleang suka yi bore a 1975, an murƙushe su da ƙarfin bindiga. A 2018 kotu ta yanke cewa abin da aka yi wa Cham kisan ƙare-dangi ne. Mabiya addinin Buddha, waɗanda su ne mafi rinjaye, su ma an tuɓe wa malamansu rigunan ibada an tura su gona. Mulki irin wannan ba ya yarda a ce akwai wani abin da mutum yake girmamawa bayan shi.

To, ya aka koya wa yara wannan? Gwamnatin da Biyetnam ta kafa a 1979 ba ta ɓoye komai ba, hasali ma ta cika littattafan makaranta da labarin. Amma fa akwai matsala: manyanta da dama, ciki har da Heng Samrin da Hun Sen, tsofaffin kwamandojin Khmer Rouge ne da suka tsere zuwa Biyetnam a 1977 da 1978 da suka ga wuƙa ta nufo su. Ita ma gwamnatin ta gurguzu ce. Saboda haka aka taƙaita laifin ga abin da aka kira “gungun Pol Pot da Ieng Sary”, aka yi wa mutum biyun shari'a ba sa nan a watan Agusta 1979, aka yanke musu hukuncin kisa. Tuol Sleng da aka buɗe wa masu ziyara, wani jami'in sojan Biyetnam mai suna Mai Lam ne ya tsara shi, har da wata taswirar Kambodiya da aka haɗa da ƙoƙon kawunan mutane, wadda ta zauna a bango har 2002. Aka ware ranar 20 ga Mayu ta kowace shekara a matsayin Ranar Fushi. Yaro yana koyon ƙiyayya ga mutum biyu da godiya ga jam'iyya mai mulki, amma babu wanda ya bayyana masa yadda shugaban ƙauyensu ya zama mai rubuta sunayen waɗanda za a tafi da su da dare.

Ba zan yi wa wannan gwamnati rashin adalci ba: tana cikin yaƙi ne, domin Khmer Rouge sun koma dazukan kan iyakar Tailan suna kai hare-hare. Wani abin kunyar ma a waje yake. Saboda yaƙin cacar baka, Chaina da Amurka da ƙawayensu sun mara baya ga barin kujerar Kambodiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a hannun Khmer Rouge, daga baya a hannun haɗakar da suke ciki, tsawon shekarun 1980, bayan duniya ta riga ta ga hotunan ramukan gawawwaki.

Da aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Faris a 1991, sai iska ta juya. Yanzu ana neman sulhu, kuma Khmer Rouge na cikin waɗanda suka sa hannu. Sai aka tsame labarinsu daga manhaja. A 1996 Ieng Sary, wanda aka yanke wa hukuncin kisa, ya miƙa wuya ya sami afuwar sarki. Pol Pot ya mutu a daji a watan Afrilu 1998 ba tare da ya taɓa tsayawa gaban alƙali na gaskiya ba. A ƙarshen shekarar Hun Sen, yana firaminista, ya karɓi Nuon Chea, mataimakin Pol Pot, da Khieu Samphan hannu bibbiyu, ya ce wa 'yan ƙasa lokaci ya yi da za a haƙa rami a binne abin da ya wuce. Littattafan da suka fito a farkon shekarun 2000 sun sallami shekarun kisan da 'yan layuka, kuma a 2002 aka janye littafin aji na ƙarshe gaba ɗaya, saboda 'yan siyasa sun yi saɓani kan yadda aka ba da labarin zaɓen 1993. Dubi abin da ya janyo janyewar: ba mutum miliyan biyu da suka mutu ba, rigimar wa ya ci zaɓe.

Gwamnati ɗaya, kusan mutane ɗaya, sun riƙe tarihin kamar famfo: su buɗe idan suna buƙatar fushin jama'a, su rufe idan suna buƙatar shiru. Sakamakon ya bayyana a cikin gidaje. Malamai da masu bincike sun sha ba da labarin matasan da ba sa gaskata iyayensu. Uwa ta ce sun ci ganyaye da ƙwari don yunwa, ɗa ya ɗauka irin maganar nan ce ta manya don a sa yaro ya cinye abincinsa. Laifin yaron ne? Abin da bai taɓa gani a littafi ba, malami bai taɓa ambata ba, kuma mutumin da aka ce ya yi kisan yana nan a ƙauyen ana gaishe shi da safe, ta yaya zai yarda?

Gyaran bai fito daga ma'aikatar ilimi ba. Wata cibiya ce mai zaman kanta, Cibiyar Tattara Bayanai ta Kambodiya, wadda aka fi sani da DC-Cam, ta fara shi. An kafa ta a 1995 ƙarƙashin wani shiri na Jami'ar Yale, ta tsaya da ƙafarta a 1997, kuma shugabanta Youk Chhang shi ma ya sha wuyar mulkin yana yaro. Sun tattara takardun da Khmer Rouge suka gudu suka bari, sun bi ƙasar lungu-lungu suna auna ramukan gawawwaki kusan 20,000 da kurkuku kusan 200, sun yi hira da waɗanda suka tsira da waɗanda suka riƙe bindiga. A 2007 wani matashin mai bincike nasu, Khamboly Dy, wanda aka haifa bayan faɗuwar mulkin, ya fitar da littafin tarihi don 'yan sakandare, kuma a 2009 gwamnati ta amince a yi amfani da shi, aka raba dubban ɗaruruwan kwafe, aka horar da malamai. Shekara talatin ke nan cif bayan abin ya ƙare.

Akwai masu cewa ba a kyauta ba, kuma hujjarsu tana da nauyi. A yankuna irin su Pailin da Anlong Veng, inda Khmer Rouge suka riƙe iko har tsakiya da ƙarshen shekarun 1990, ajin cike yake da 'ya'ya da jikokin tsofaffin mayaƙa. Malamin ma wataƙila ɗan gidansu ne. A wani ajin kuma jikan wanda aka kashe da jikan wanda ya kashe shi suna benci ɗaya. Me za a ƙaru da shi, in ji su, idan aka tono abin da zai sa yara su fara nuna wa juna yatsa? Zaman lafiyar da aka samu da ƙyar, ba da shirun aka saye shi ba?

Na yarda shirun ya taimaka wajen sa mayaƙa su ajiye makamai. Amma yaran nan ba jahilan labarin ba ne, kowa ya ji wani ɓangare a gida: wannan ya ji iyayensa jarumai ne da suka kare ƙasa daga Biyetnam, wancan ya ji mutanen gidan can makasa ne. Aji ne kaɗai wurin da za a haɗa su a sa musu takarda ɗaya a gaba. Kuma idan aka koyar da tarihin yadda yake, ba zai raba su gida biyu cikin sauƙi ba, domin shi kansa tarihin bai rabu haka ba. Mafi yawan waɗanda aka kashe a S-21 'yan Khmer Rouge ne, waɗanda Ƙungiyar ta juya musu baya. Ministan yaɗa labaransu, Hu Nim, a nan ya ƙare a 1977. Vorn Vet, wanda ya taɓa zama ubangidan Duch, shi ma a hannun Duch ya faɗa. Fuskokin da masu ziyara ke kallo a bango suna hawaye, wasu daga cikinsu sun aika da wasu lahira kafin layi ya zo kansu. Masu gadin kuwa yawancinsu yaran ƙauye ne 'yan shekara goma sha, waɗanda aka zaɓa saboda ba su yi karatu ba, kuma da yawansu su ma an kashe su a gidan. Ɗalibin da ya fahimci wannan ya fahimci yadda mulkin kama-karya ke aiki: yana sa kowa ya tsoma hannu a cikin jini don kada a sami mai bakin magana. Wannan darasin ya fi wahalar koyarwa a kan Ranar Fushi, kuma babu gwamnatin da ke ɗokinsa, don yana koya wa yaro tuhumar duk mai cewa a yi biyayya ba tambaya.

Kotun haɗin gwiwa tsakanin Kambodiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi nata ƙoƙarin. Duch, wanda wani ɗan jarida mai ɗaukar hoto ya gano a 1999 yana zaune da sunan bogi bayan ya koma koyarwa ya kuma karɓi addinin Kirista, an yanke masa shekara 35 a 2010, aka mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai a 2012, ya mutu a 2020. Ya nemi gafara a gaban kotu, sannan a ranar ƙarshe ya nemi a sake shi. Nuon Chea da Khieu Samphan sun sami ɗaurin rai da rai. An kashe fiye da dala miliyan 300, aka hukunta mutum uku. Mutane kan yi wa wannan lissafi dariya, ni kuwa ina ganin babbar ribar kotun ita ce dubban mutanen karkara da ɗalibai da aka riƙa kawowa a motocin safa su zauna su ji shaida da kunnensu. Inda kotun ta ci tura shi ne da aka zo kan kwamandojin da ke ƙasa da waɗancan. Hun Sen ya fito fili ya ce ba ya son a ƙara wata shari'a, kuma ba a ƙara ba.

Mutumin da ya hana a faɗaɗa shari'a shi ne kuma ya kawo dokar hukunta duk wanda ya musanta laifuffukan Khmer Rouge. An zartar da ita a watan Yuni 2013, ana saura makonni a yi zaɓe, bayan an zargi jagoran adawa Kem Sokha da cewa ya ce Biyetnam ce ta shirya Tuol Sleng, zargin da ya ce an murguɗa maganarsa. 'Yan majalisar adawa ba sa zauren lokacin da aka kaɗa ƙuri'a. A 2025 aka sabunta ta da hukunci mafi tsanani, har shekara biyar a gidan yari. Jamus ma tana da doka irin wannan a kan kisan Yahudawa, amma a can akwai kotuna masu cin gashin kansu da jaridu masu 'yanci. A ƙasar da aka rusa babbar jam'iyyar adawa a 2017, kuma mulki ya tashi daga Hun Sen zuwa ɗansa a 2023, wa zai yanke abin da ake kira musantawa? Malamin da ya tambayi ɗalibansa me Hun Sen yake yi tsakanin 1975 da 1977, ko me ya sa sojojin Biyetnam suka zauna har 1989, zai yi tambayar da kwanciyar hankali?

Akwai ma wasu tambayoyin da manhaja mai gaskiya ba za ta tsallake ba. Bama-baman da Amurka ta zuba wa ƙauyukan Kambodiya daga 1969 zuwa 1973 sun tura manoma da yawa hannun mayaƙan. Sihanouk, tsohon sarki kuma shugaban ƙasar a lokacin, bayan Janar Lon Nol ya hamɓarar da shi a 1970, ya haɗa kai da su daga Beijing ya kira jama'a su shiga daji, kuma da yawa don shi suka shiga. Chaina, wadda ita ce babbar ƙawar gwamnatin yau, ita ce ta ba Khmer Rouge makamai da masu ba da shawara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana taka wa wani babba ƙafa.

A ɓangaren al'adu asarar ba ta lissafuwa. Manyan mawaƙan ƙasar na shekarun 1960, irin su Sinn Sisamouth da Ros Serey Sothea, sun ɓace a lokacin, har yau ba a san kabarinsu ba. 'Yan rawar fada kaɗan da suka tsira su suka sake koyar da rawar daga abin da ya rage a ƙwaƙwalwarsu. Vann Nath, wanda aka bar shi da rai a S-21 don yana iya zana hoton Pol Pot, ya koma gidan bayan 1979 ya zana azabar da ya gani ya kuma ji, zanen na nan rataye a azuzuwan. A 2025 hukumar UNESCO ta sa Tuol Sleng da filin kisa na Choeung Ek da wani tsohon kurkuku mai suna M-13 cikin wuraren tarihi na duniya. Abin farin ciki ne, sai dai wurin tarihi kan zama na baƙi masu kyamara idan ba a kula ba. Tun 2005 aka ba wani kamfanin Japan hayar kula da Choeung Ek, inda ƙoƙon kawuna fiye da 5,000 ke jere a cikin gilashi, alhali a al'adar mutanen ƙasar ƙona gawa ake yi don mamaci ya huta.

Mu ma ba baƙin wannan matsala ba ne. A Chadi, kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta cewa gwamnatin Hissène Habré ta kashe mutum kusan 40,000, kuma takardun 'yan sandan sirrinsa na DDS su suka taimaka aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Dakar a 2016. Wata kotu a N'Djamena ta ba da umarni tun 2015 a mayar da hedikwatar DDS gidan tarihi, waɗanda suka tsira suka yi ta jira shekara da shekaru. Najeriya ba ta yi mulki irin na Pol Pot ba, amma ta cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare na fiye da shekara goma kafin ta dawo da shi, kuma gwamnati ba ta taɓa fitar da rahoton kwamitin Oputa, wanda ya binciki take haƙƙin ɗan Adam a zamanin mulkin soja, a hukumance ba.

A Kambodiya mafi yawan jama'a yanzu an haife su ne bayan 1979, kuma waɗanda suka gani da ido suna ƙarewa. Abin da zai rage shi ne takardun Duch da malamin da zai karanta su da ɗalibai. Malamin nan yana buƙatar awanni na gaske a jadawalin mako, da tambayoyi a jarrabawar ƙarshe, domin abin da ba ya fitowa a jarrabawa ba a ɓata masa lokaci. Yana kuma buƙatar tabbacin cewa idan ɗalibi ya ɗaga hannu ya tambayi sunan wanda ya mulki gundumarsu a 1977, amsar ba za ta kai shi gaban alƙali ba. Na farkon da na biyun ma'aikatar ilimi na iya yin su gobe. Na ukun kuwa, dokar 2025 ta ƙara nisanta shi.